Ɗigo a Cikin Keji

Sufeto bai gama rataye hularsa ba wayar ofis ta ɗauki ƙara. An yi sata a gidan ajiyar saƙonni da ke bayan tashar mota, kuma mai maganar yana ta ihu kamar da Sufeto aka haɗa baki.

"Ƙofa aka fasa?"

"Ba a fasa komai ba, ranka ya daɗe. Akwatunan ne suka buɗe da kansu."

Sufeto ya ajiye wayar ya dubi Saje, wanda ya riga ya tsoma burodi a shayi. "Tashi mu je. Yau akwati ne ya saci kansa."

Saje ya miƙe da kofinsa a hannu. Ya daɗe a aiki, ya san ɓarawo ba ya ƙarewa amma shayi yana hucewa.

Gidan ajiyar wani dogon ɗaki ne, bangonsa duka akwatunan ƙarfe, ga allon kwamfuta a bakin ƙofa. In an aiko wa mutum saƙo, sai lamba ta shigo wayarsa, ya zo ya rubuta ta a allon, akwatinsa ya buɗe. Layin B shi ne mai sanyi, inda ake ajiye magungunan da ake aiko wa marasa lafiya, irin waɗanda zafi ke kashewa. Duk ƙofofin layin sun wangale baki, ko kwali ɗaya ba a bari ba.

Manajan wurin ya tare su yana sharce gumi. Da sassafe aka yi, in ji shi, lokacin da maigadi ya fita cin abinci.

"Waccan kyamarar tana aiki?" Sufeto ya tambaya.

"Ƙalau, ranka ya daɗe. Sai dai yau ɗin nan ta ɗan..."

Saje ya taka kujera ya leƙa bayan kyamarar. Ya zaro wayar da ke reto, gizo-gizo ya gama gini a kanta har ya tara iyali.

"Wannan gizon dai ba yau ya tare ba," Saje ya ce.

Manaja ya yi maza ya sauya hanya. "Ai ba sai an wahala ba, na san mai aikin. Auta ce, injiniyarmu. Ita kaɗai ke taɓa manhajar nan. Na kulle ta a ofishina tun ɗazu, ko allon ban bari ta matsa kusa da shi ba."

"Tun yaushe take nan?"

"Tun da na sallami kawunta, wanda ake kira Gwani. Tsoho ya yi sanyi, ita kuwa hannunta kamar walƙiya. Ashe maciji na ɗauko na sa a aljihu."

Sufeto ya matsa gaban allon. Na'urar ta daskare, ga alama buɗe akwatuna da yawa a lokaci guda ya fi ƙarfinta, kuma abin da aka rubuta na ƙarshe yana nan bai goge ba: B[.].*

Shi dai harafi ɗaya ya gane a ciki. Ya ɗauki hoton allon da wayarsa, ya sa Saje ya rufe shi da jarida, ya ce duk wanda ya ɗaga ta zai kwana a caji ofis.

Kafin su koma da Auta, Oga, shugaban caji ofis ɗin, ya riga ya kira shi. Masu magani sun fara taruwa, masu kamfani suna matsa lamba, don haka gobe a miƙa yarinyar kotu. Sufeto ya san abin da hakan ke nufi. Mai satar maganin marasa lafiya ba ya samun sassauci a gaban alƙali, shekaru za ta yi a gidan yari.

A ɗakin tambaya Auta ta zauna ta haɗa gwiwoyi. Siririya ce mai tabarau, idonta ya yi ja amma ba ta kuka.

"Ni ban san kwamfuta ba," Sufeto ya ce, "sai dai na san mutane. Ki yi min bayani yadda zan gane. Yaya ake buɗe layi guda ba tare da lamba ba?"

Ta gyara tabarau. Da aka zo kan aikinta, muryarta ta daina rawa.

"In mutum ya rubuta lambarsa, manhajar takan ɗauki abin da ya rubuta ta zuba shi cikin ƙa'idar bincike, mu rijeks muke ce mata, sai ta bi akwatuna tana neman wanda ya dace. To a wannan ƙa'idar wasu alamomi suna da iko. Ɗigo yana nufin kowane harafi. Tauraro yana nufin ko guda nawa ne. In ka haɗa su biyun, ka ce mata kowa da kowa ke nan."

"Wato makullin da ke buɗe kowace ƙofa."

"Haka ne, yallaɓai. Shi ya sa ba a zuba rubutun mutum ɗanye. Sai an fara bin alamomin an ɗaure su, ɗigo ya koma ɗigo kawai kamar na littafi. Layi ɗaya ne ake ƙarawa a manhaja ya yi wannan aikin."

"An ƙara shi?"

"Ba a ƙara ba."

"Wa ya manta?"

"Ni ce."

Amsar ta fito da sauri, kamar tun a mota take riƙe da ita a baki.

"Wa kika gaya wa akwai wannan ɓarakar?"

"Babu kowa."

Sufeto ya tura mata takarda da biro. "Lambobin layin sanyi duk da B da ɗigo suke farawa, ko? Rubuta min abin da za ki danna in ke ce ɓarauniyar."

Ba ta yi tunani ba ta rubuta: B\..*

"Wannan karkatacciyar sandar fa?"

"Ita ce ɗaurin. Tana gaya wa manhaja ɗigon farko ɗigon gaske ne. A nan ba dole ba ne ma, ko babu ita zai buɗe. Sabo ne kawai."

Sai ya ajiye wayarsa kusa da takardar, hoton allon yana sama. Auta ta duba. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake dubawa. Sufeto yana kallon yadda leɓenta ya bushe nan take.

"Ma'anarsu ɗaya," ta ce a hankali. "An saka ɗigon cikin baka biyu ne maimakon sanda."

"Kowa na yin haka?"

"Ban sani ba."

"Kin san wani mai yin haka?"

"Ban sani ba, yallaɓai. Don Allah a mai da ni ciki, kaina na ciwo."

Sufeto ya ga maƙaryata iri-iri a ɗakin nan, kuma dukansu tsira suke nema. Yau ga wadda take ƙarya don ta nutsar da kanta, abin ya tsaya masa a rai har ya manta da abincin rana.

Da yamma wani dattijo ya yi sallama a kantar caji ofis, riƙe da kular abinci. Farin gemu, wankakkiyar riga, magana a tsanake. Shi ne Gwani, kawun Auta.

"'Yar ƙanwata ce, yallaɓai. Tun rasuwar mahaifinta take hannuna. A cinyata ta fara taɓa kwamfuta, ni na kama yatsunta na ɗora su a kan haruffa." Ya girgiza kai. "Sai dai yaran yanzu akwai gaggawa. Na sha gaya mata aiki ba gudu ba ne."

"Ka san manhajar tana da ɓaraka, Malam?"

"Ina zan sani? Tun da aka sallame ni ban ƙara taka wurin ba. Wanda aka ce ya tsufa ai sai ya kama girmansa."

Ya zauna ya daɗe yana faɗin irin wahalar da ya sha a kanta, ya yi addu'a, ya tafi. Sufeto ya bi bayansa da kallo. Duk ɗan'uwan da ya taɓa zuwa kantar nan, tambayarsa ta farko ita ce ta beli, ta biyu ko zai iya ganin nasa. Dattijon nan ko ɗaya bai yi ba.

Saje ya kai wa Auta kular, ya dawo da ita kamar yadda ya kai.

"Da ta miƙo hannu," ya ce, "ina cewa kawunki ne ya kawo, sai ta janye kamar ta taɓa wuta. Yallaɓai, kar a yi asara, in taimaka?"

"Taimaka."

Saje na cikin taimakawa Manaja ya kira, wannan karon muryarsa har da dariya.

"Ranka ya daɗe, an samu mafita! Gwani ya ce zai dawo ya gyara mana komai. Dama shi ya rubuta manhajar tun farko, yarinyar gado kawai ta yi. Tsohon hannu ai daban ne."

"Shi ya rubuta ta? Har da wurin da ake karɓar lamba?"

"Duka, daga kai har ƙafa."

Sufeto ya kashe wayar. Ashe ɓarakar ta girmi zuwan Auta wurin, amma ta ce ita ce ta manta. Ya shiga wurin Oga ya roƙi a ba shi zuwa gobe da rana, Oga ya ba shi yana tsaki.

Da safe suka ɗauko Auta suka nufi shagon Gwani, inda yake koyar da kwamfuta. Sufeto ya bar ta a mota tare da Saje, ya shiga shi kaɗai.

Shago ne ɗan ƙarami, tsofaffin kwamfutoci a jere, fanka a tsaye cik don babu wuta tun jiya. A bango akwai farin allo cike da darasin da ba a goge ba. Sufeto ya tsaya gabansa yana bin layukan da ido kamar mai neman sunansa a sakamakon jarrabawa. Bai iya karanta komai ba, amma duk inda ɗigo yake, yana zaune cikin baka biyu.

"Yallaɓai da kansa!" Gwani ya jawo masa kujera. "Ko ɗalibta ka zo yi?"

"Kusan haka, Malam. Jiya an yi min bayanin ɗaurin ɗigo, an ce da sanda ake yi. Sai ga shi a allonka ban ga sanda ko ɗaya ba. Ko kuskure ne?"

Ba abin da gwani ya tsana kamar a ce masa kuskure. Dattijon ya miƙe, fuskarsa ta washe.

"Kuskure? Sanda ai ta masu koyo ce. Kwamfutar da na fara aiki da ita maɓallin sandar ya mutu, ba ni da halin sayen wata, sai na koma sa ɗigo a keji. Na ga ya fi kyau a ido, ya fi wuyar ɓacewa. Duk garin nan ni kaɗai ke yi. Ɗalibaina da sun fita sai su koma wa sanda, har ita Autar."

"Ko kana gaggawa haka kake yi?"

"Ko a barci aka tashe ni. Hannuna bai san wata hanya ba."

Sufeto ya ciro wayarsa ya miƙa masa hoton.

"Na'urar ta daskare, Malam. Allon bai goge ba."

Gwani ya kalli hoton. Murmushin ya ɗan ƙara zama a fuskarsa, don bai samu wurin zuwa ba.

"Ai... ta san hannuna. Tana iya kwaikwaya don ta shafa min."

"Wadda ta kwana a bayan kanta tana cewa ba ta san hannun ba?" Sufeto ya nuna ƙasa da haɓarsa. "Wancan ruwan da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar baya fa, daga ina?"

Ruwan ya riga ya yi hanya a kan siminti har ya kusa ƙafar tebur. Sufeto ya leƙa waje ya yafito Saje, ya ce ya taho da yarinyar.

A ɗakin baya suka tarar da manyan kuloli biyu na ƙanƙara, an lulluɓe su da tabarma. Ƙanƙarar ta narke ƙarƙaf. Kwalayen magani suna iyo a ruwa mai ɗumi, sunayen masu su sun fara jiƙewa suna ɓallewa.

Auta ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba. Sufeto ya juyo gare ta.

"Yanzu ki gaya min gaskiya. Wa kika gaya wa?"

Auta ta ɗago kai. Da ta buɗe baki, kawunta take wa magana.

"Ranar da na gano ɓarakar, layi ɗaya ne, da na ƙara shi kafin in tashi daga kujera. Amma na ga aikinka ne, Kawu. Na ce in na gyara, Manaja zai gani a rahoto, ya samu abin faɗa a kanka. Na zo har gida na durƙusa na nuna maka. Ka ce kar in taɓa, aikin babba ba a gyara shi a bayan idonsa, in jira ka zo ka duba da kanka." Ta gyara tabarau. "Na jira, Kawu. Kullum in na wuce allon akwatunan nan gabana sai ya faɗi, amma na jira."

Gwani ya zame ya zauna a kan kujerar ɗalibai. Girman da ya shigo da shi caji ofis jiya duk ya zube.

"Ban sayar da ko ƙwaya ɗaya ba," ya ce. "Ku ƙirga. Niyyata in mayar da su in an kira ni, wuta ce ta ci amanata."

"Kai ma ka san zafin cin amana ke nan," Saje ya ce.

"Me ya kai ka, Malam?" Sufeto ya tambaya.

"Kujerar aikin nan ni na sassaƙa ta da hannuna. Rana ɗaya aka ce in tashi, aka ɗora yarinyar da na goya. In mun haɗu da mutane sai su ce, ga kawun injiniya. Ni! Sannan ta zo har gidana tana nuna min kuskurena."

"Don ta rufa maka asiri ta zo."

"Rufin asirin ne ya fi ci min rai, yallaɓai. Da ta yi min dariya da ya fi min sauƙi." Ya ɗago ya dubi Auta. "Na ɗauka korarki kawai za a yi. Ni in koma aikina, ke ki dawo shago kusa da ni kamar da. Wallahi ban zaci zai kai ga 'yan sanda ba."

"Amma ya kai," Auta ta ce. "Jiya ka zo, ka san ina ciki. Ni na ga hannunka na yi shiru, na ce ko kotu ce in je, kar a ga farin gemunka a bayan kanta. Ina zaune ina sauraren muryarka ta bango, ina cewa yanzu Kawu zai faɗa, yanzu zai ce a sake ta." Ta share ido da bayan hannu. "In da Sufeto bai zo ba, yaushe za ka faɗa?"

Gwani ya kawar da kansa gefe. Sufeto ya ba shi lokaci sosai, don shi ma yana so ya ji ko da ƙarya ce mai daɗi, saboda yarinyar. Ko ƙaryar dattijon bai yi ba.

Sufeto ya daɗe da daina jin haushin masu laifi, aiki ne kawai. Amma yau ransa ya ɓaci, kuma bai ɓoye ba.

"Tashi, Malam. An kama ka da laifin sata da lalata maganin marasa lafiya. Saje, sa masa."

Saje ya ciro ankwa, wannan karon babu wasa a bakinsa. Maƙwabta sun fara leƙe daga shagunansu. A bakin ƙofa Gwani ya tsaya, ya lalubo makullan shagon daga aljihu da hannuwansa biyu da ke haɗe, ya miƙa wa Auta.

"Auta, rufe shagon. Ki kashe soket, kar wuta ta dawo ta ƙona kwamfutocin."

Hannunta ya ɗaga da kansa, kamar yadda ya saba ɗagawa duk lokacin da muryar nan ta ba da umarni. Ya kai rabi sai ta tsayar da shi. Ta mai da shi ƙarƙashin mayafinta, ta ja da baya ta ba shi hanya.

Makullan suka yi ta reto a hannun dattijon, ba wanda ya karɓa, har Saje ya kama gwiwar hannunsa ya sa shi a mota.